Agwagi Ne Suka Fara Ɓacewa

Akwai wata talla da nake yawan gani a talabijin ɗin ɗakin hutun marasa lafiya, a sashen tsofaffi inda nake aikin jinya a nan arewacin Ingila. In kana zaune a ƙasar nan, na san ka taɓa cin karo da ita ko da 'yar'uwarta, don sun fi fitowa tsakanin azahar da la'asar, lokacin da 'yan fansho ke zaune gaban akwati. Za a nuno jaki a wata ƙasa mai zafi, an lafta masa bulo ko jarkokin ruwa, bayansa duk miki, ƙuda na bi, kofato ya yi tsawo har ya karkace. Ga wani kiɗa a hankali mai sa jiki ya yi sanyi. Sai wata murya ta ce da fam biyu ko uku a wata za ka iya raba wannan bawan Allah da wahala. A ƙarshe a nuno shi an wanke masa mikin, yana cin ciyawa abinsa.

Muna da wata tsohuwa da ta haura tamanin, ta yi makonni a hannunmu bayan ta karye a ƙugu. Duk sanda tallar nan ta zo sai ta share hawaye. Ta gaya mini ta fi shekara goma tana ba da nata duk wata, daga ɗan abin fanshonta. Ran nan ina ɗaura mata abin awon jini sai ta dube ni ta ce, "Ku ma kuna da jakuna a ƙasarku, ko? Me ya sa mutanenku suke yi musu haka?"

Murmushi kawai na yi, na rubuta awona na wuce gado na gaba. Da dare na ba da labarin a zaurenmu na WhatsApp na matan Hausawa mazauna nan. Zo ka ga dariya. Wata ta ce ai Turawa ke nan, kare ma inshorar lafiya gare shi. Wata ta ce mutanen da ba su ƙoshi ba ne za a ce su tausaya wa jaki? Ni ma na tura hoton dariya har guda uku. To amma na kwanta tambayar tsohuwar nan ta hana ni sakat, kuma yau kusan shekara ke nan ina juya ta.

Abin da na tarar shi ne, tallar tana da kuskure, dariyarmu ma tana da kuskure, kuma kuskuren iri ɗaya ne. Kowannenmu ya raba dabba da mutanen da take rayuwa a cikinsu. Su sun ɗauki dabbar sun bar mutum, mu mun ɗauki mutum mun bar dabbar. Bari in fara da tallar, tunda laifin wani ya fi sauƙin gani.

Gaskiyar da ke cikinta ba zan ɓoye ba: mikin nan ba na ƙarya ba ne. Na taso na ga irinsa a bayan jakin kawuna, a wani ƙauye na Jigawa kusa da iyakar Nijar. Mu da kanmu muna yara mun zabga masa sanda don nishaɗi kawai, ba mai tsawata mana. In mikin ya yi tsanani sai a shafa masa toka ko baƙin man inji, gobe a mayar da akumari a kan wurin. Mun mayar da sunansa zagi, mun mayar da dukansa karin magana. Duk wanda ya ce tallar sharri ta yi mana, to bai yi zaman ƙauye ba.

Amma in ta sake zuwa, ka lura da inda kyamara take tsayawa. Mai jakin ba ka ganin fuskarsa. Hannu za ka gani riƙe da sanda, ko ƙafa cikin silifas tana bin baya. Ba a gaya maka sawu nawa zai yi kafin ya sami kuɗin kwanon gero ba. Ba a gaya maka nisan rijiyar ba, ko dalilin da ya sa ta kusa ta ƙafe. Ba a gaya maka cewa malamin dabbobi mafi kusa yana hedikwatar ƙaramar hukuma, kuma kuɗin motar zuwa wurinsa ya fi kuɗin maganin ba. In aka cire duk wannan, me ya rage wa mai kallo? Mugun mutum da dabba marar laifi. Shi ya sa tsohuwata ba ta tambaye ni me ya sami mutanenmu ba, sai ta tambaye ni me ya sa suke haka.

Kada in yi rashin adalci. Wasu daga cikin ƙungiyoyin nan, in ka karanta rahotanninsu, sun san da mai jakin sarai. Suna koya wa mutane ɗinkin akumari mai taushi da gyaran kofato, suna horar da masu ba dabbobi magani a ƙauyuka. Matsalata da hoton da suke sayarwa ne, don mutum miliyan nawa ne ke ganin talla, mutum nawa ne ke karanta rahoto?

Kuma babban bala'in da ya sami jakin ƙasarmu a 'yan shekarun nan bai fito daga sandar mai shi ba. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai danƙo kamar ƙaro, suna kiransa ejiao, ana sha a matsayin maganin ƙarin jini da gyaran jiki. Jakunansu sun kai miliyan 11 a farkon shekarun 1990, yanzu ba su kai miliyan 2 ba, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. Ƙungiyar Donkey Sanctuary ta nan Ingila ta ƙiyasta cewa ana yanka jakuna kimanin miliyan 5.9 duk shekara domin fatar kawai. A 2016 gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna bayan an fitar da kusan 80,000 cikin 'yan watanni, alhali a 2015 gaba ɗayanta 27,000 aka fitar. Burkina Faso ma ta hana a shekarar. A wajenmu kuwa, motoci suka riƙa lodi daga kasuwanni irin su Maigatari suna gangarawa kudu, musamman jihar Ebonyi, inda ake yankawa. Sai a watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Adis Ababa da a haramta yanka jaki domin fata a duk nahiyar. Takarda dai an sa hannu. Aiki da ita kuma wani zancen ne.

A tsakiyar wannan rububin aka kwance jakin kawuna cikin dare. Ba wanda muka doka muna yara ba, wani duna ne da ya saya daga baya. Da gari ya waye sai turke da igiya. Ya je kasuwa don ya maye gurbinsa, ya tarar kuɗin jaki ya ninka har ba ya iya tayawa. To wa kake jin ya gaji aikin jakin? Taki dai ya daina zuwa gona ta nesa, aka bar ta. Ruwa kuwa 'yarsa ce ta ɗauka, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, sawu uku kafin hantsi, jarka mai lita 25 a ka. Makaranta sai ranar da ta samu. Sai da aka yi wata huɗu kafin labarin ya iso ni, don Kawu ba mai roƙo ba ne, kuma abin da na tura tsoho kawai ya iya saya. Ni da na san abin da irin wannan nauyi ke yi wa wuya da ƙashin bayan yarinyar da ba ta gama girma ba, ka ce mini zancen jaki ba zancen mutane ba ne?

Irin wannan hoto na dabba ita kaɗai, in ya bar talabijin ya shiga ofishin gwamnati, ɓarnarsa ta fi haka. A watan Yunin 2022 gwamnatin Tanzaniya ta shata fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,500 a Loliyondo, ta ce na namun daji ne, ta hana makiyayan Masai kiwo a ƙasar da kakanninsu suka yi kiwo. An yi harbi, an ji wa mutane rauni, da yawa suka tsallaka Kenya. A wannan yankin ne kuma wani kamfanin farauta mai alaƙa da manyan Daular Larabawa ya daɗe yana kawo baƙinsa su harbi namun. Makiyayin da ya zauna da zaki da giwa shekara da shekaru bai ƙarar da su ba shi ne aka kora, mai zuwa da bindiga a jirgi shi aka bari.

Ka kwatanta da Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma sun ragu har saura 49 a duniya a 1996, dukkansu a wannan yankin na Nijar. Babu shinge, babu korar kowa. Suna yawo cikin gonaki, suna cin waken mutane da mangwaronsu, manoma na jin haushi. Masu aikin kare su suka gane cewa in manomi bai ga amfaninsu ba, to ba za su tsira ba. Aka haƙa rijiyoyi, aka ba mata ƙananan rance, aka ɗauki 'yan ƙauyukan su zama masu yi wa baƙi jagora. Yau sun haura 600. Ba na cewa komai ya daidaita a can, ga rashin tsaro ya kori masu yawon buɗe ido. Amma aƙalla an tambayi mai gonar.

To, na gama da su. Saura mu.

Hujjarmu ita ce a fara ta mutum, dabba ta jira. Da jin ta ka ji magana mai ma'ana, ni ma na sha faɗin ta. Abin da ya raba ni da ita wani labari ne da na san rabinsa tun tuni, sai daga baya na ji ɗaya rabin.

Rabin da kowa ya sani shi ne na gubar dalma a Zamfara. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suna zagayen sa ido kan sanƙarau sai suka tarar yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Amai, jijjiga, suma, sai rasuwa. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ba da na sanƙarau, shiru. Sai da aka aika jini waje aka gano dalma ce. Kuɗin zinare ya tashi a kasuwar duniya, mutanen da noma bai riƙe su ba suka koma haƙa. Duwatsun da ake haƙowa cike suke da dalma. Ana kawo su cikin gida, mata na dakawa a turmi, ana niƙawa da injin niƙan hatsi, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Binciken da aka yi a Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Jimillar waɗanda suka rasu a yankin ta kai 400 ko fiye.

Bari in sa hular aikina kaɗan. Yaro ƙarami komai ya taɓa sai baki, kuma hanjinsa na zuƙe dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke zuƙa. Jiki yana ɗaukar ta kamar sinadarin gina ƙashi ne, sai ya ajiye ta a ƙashi da haƙori, ta kuma haye ƙwaƙwalwa. Babu wani adadi nata da ake cewa ba komai. A ƙa'ida, in ta kai maikirogiram 45 a kowane desilita na jini ana fara ba yaro maganin da ke kamo ta ya fitar ta fitsari. Na'urar awon da aka kai ƙauyukan nan iyakarta 65, kuma yara da yawa sun wuce abin da take iya karantawa. Maganin ma ba shi da amfani in yaro zai koma ya zauna a ƙasar da ta ba shi ciwon, dole sai an kankare saman ƙasar gida gida an zuba sabuwa. Garin Bagega sai a 2013 aka yi masa wannan aikin, bayan matasa da ƙungiyoyi sun yi ta matsa wa gwamnatin tarayya ta saki kuɗin da ta yi alkawari. Shekara uku yara na wasa cikin guba ana jiran sa hannu. Wanda ya rayu kuma, abin da dalma ta taɓa a ƙwaƙwalwarsa ba ya dawowa.

Ga ɗaya rabin. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, wadda ta tura masu bincike, ta ba da labarin cewa tun farkon shekarar, kafin a ankara da mutuwar yara, agwagi sun fara ɓacewa a yankin. Mutane sun lura. Da aka tambaye su daga baya, sun ce ƙwarai sun ga agwagi sun ragu, amma ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Yo agwagwa ce fa. Ita kuwa agwagwa a taɓo take kiwo, a bakin kududdufin da ake wanke garin dutse, tana haɗiyar tsakuwa da laka, ga jiki ƙarami. Abin da zai ɗauki watanni kafin ya kayar da yaro, ita cikin ɗan lokaci zai gama da ita.

Ba na ɗora wa iyayen nan laifi, Allah ya sani. Da ni ce a Dareta a lokacin, da abin da zan ce ke nan, agwagwa ce. Kuma ko da sun kai ƙara, wa zai saurare su? Wane ofishi ne a ƙaramar hukuma ake zuwa a ce agwagina sun mutu, a taso a zo a duba? Amma ka tsaya ka yi lissafi. Da akwai wanda aikinsa ne ya ji wannan maganar, ya ɗebi ƙasa da ruwa ya aika awo, yara nawa ne da yanzu sun zama samari da 'yanmata? A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu, can ma dabbobin gida sun mutu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Turawan da muke wa dariya sun san wannan tun da daɗewa. Masu haƙar kwal a ƙasar nan da kanari suke shiga rami, a ɗan keji. Akwai iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, in ta taru tsuntsun ne ke fara jigata, da sun ga ya faɗi sai kowa ya yi waje. Sai a 1986 aka daina, da na'ura ta karɓi aikin. A Minamata ta ƙasar Japan, a shekarun 1950, kyanwoyi ne suka fara tangaɗi suna faɗawa teku kafin a gane cewa wata masana'anta na zuba guba a ruwan da masunta ke kamun kifi. A duk wuraren nan ba a unguwar masu kuɗi dabbar ta faɗi ba. Ta faɗi ne inda lebura da masunci da manomi suke, don can ake zubar da abin da ba a so.

Wannan shi ne abin da masana ke kira adalcin muhalli, kuma ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Tambaya ce: wa ya ci riba, wa aka bar wa dattin, kuma an shawarce shi? Zinaren Zamfara ya tafi, dalma ta zauna. Kaso mai yawa na zinaren da ake haƙa da hannu a Afirka Dubai yake nufa. 'Yar'uwa, ni da ke mun san inda muke biyawa mu sayi sarƙa da ɗan kunne in za a haɗa lefe. Ban ce ki cire naki ba, nawa ma yana cikin akwati. Na dai ce ba mu da nisa da labarin kamar yadda muke zato.

Ba dabbar gida kaɗai ba. Yaushe rabonka da ganin ungulu a garinku? Ni na taso in an je kwata sai an kore su, suna jere kan katanga da bishiyoyi. Zuwana gida na ƙarshe, na yi sati uku ban ga ko ɗaya ba. Muna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, yanzu ba ungulun, tsamiyar ma an yi gawayi da ita. Ana kashe ta ana sayar da kai da ƙwai ga masu neman asiri, wasu kuma na mutuwa in sun ci mushen da aka sa wa guba. Tun 2015 aka sa irin ungulun garuruwanmu cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. A Gini Bisau, a 2020 kaɗai, an kashe sama da 2,000 da guba.

Za ka ce to sai me, ƙazamar tsuntsuwa. Tambayi Indiya. Can wani maganin ciwon jiki ne ya gama da su, diclofenac, wanda ni kaina na sha miƙa wa marasa lafiya. Aka riƙa yi wa shanu allurarsa, in saniya ta mutu ungulu ta ci, sai ƙodarta ta lalace. Cikin shekara goma sha biyar wani jinsin ya ragu da sama da kashi 99 cikin 100, kafin a hana ba dabbobi maganin a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana gangarawa ruwan sha, karnukan sake suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun fitar da bincike a 2024 inda suka ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Ashe ma'aikaciyar tsafta ce da ba ta karɓar albashi. Kuma in ta tafi, mai famfo a gida da motar kwasar shara ba zai ji a jikinsa ba. Mai shan ruwan rafi ne zai ji.

Ko leda ma ta ishe mu misali. Tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuyar gari. Dunƙulen leda ne, wani har ya kai girman ƙwarya. Akuya na ramewa ciki na kumbura, mai ita na murna wai ciki ne da ita, alhali yunwa ce ke kashe ta da cikakken tumbi. Akuyar nan kuwa ita ce asusun matar, ita ce kuɗin asibiti ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. Ledar da akuya ta bari ita ke toshe kwalbati ruwa ya kwanta sauro ya hayayyafa, in an cinna wa bola wuta kuma hayaƙin ya shiga ƙirjin yaran unguwa. Ka taɓa ganin an jibge bola a ƙofar gidan kwamishina?

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ba sai mun aro wannan daga kowa ba. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Mun haddace, mun ci jarrabawa da shi. Sai ga shi mun zo ƙasar wasu muna dariya don tsohuwa ta yi wa jaki hawaye.

To me ya rage mana, mu da ke nesa? Ba mu da iko da gwamna, amma muna da waya, kuma ana jin maganarmu a gida fiye da yadda muke tsammani, ko don ɗan abin da muke turawa. In kana da 'yan'uwa masu zuwa haƙar zinare, gaya musu kada dutse ko garinsa ya shigo gida, kada a niƙa shi da injin hatsi, kuma mutum ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki yaro. In aka ce maka kaji ko awaki ko kifin kududdufi sun mutu da yawa lokaci guda, kada ka tsaya a Allah ya mayar da alheri. A hana yara zuwa wurin, kada a ci naman, a sanar da malamin dabbobi da ma'aikacin asibitin garin, su biyun. Ƙungiyoyinmu na 'yan gari da ke tara kuɗi duk shekara, a cikin abin da ake warewa a sa rigakafin dabbobi da kwashe bola, a daina ganinsu kamar ƙananan abubuwa. In kuma za ka ba wata ƙungiyar dabbobi sadaka a nan, ba laifi, amma ka tambaye su me suke yi wa mai dabbar.

Tsohuwata an sallame ta kafin in sami amsar da zan ba ta. Da za ta dawo, da na zaunar da ita na ba ta labarin Kawu da 'yarsa da jarkar ruwa, na kuma gaya mata cewa ta fi ni gaskiya a kan mikin.

Abin da na iya yi shi ne na gyara gaisuwata. A ƙauye da ma in an tambayi iyali akan tambayi bisashe, mu ne da muka yi boko muka yar. Ran Juma'ar nan da na kira Inna, bayan mun gama ina gajiya ina sanyi, sai na ce, "Inna, ya kaji? Ya awaki?"

Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Oh ni, 'yar Ingila ta fara gaida kaji." Sai kuma ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Ai kuwa kin tuna mini. Uku sun mutu satin nan, na gidan Malam ma haka."

Na ce a binne su da zurfi, kada jikoki su taɓa, a kira malamin dabbobi ni zan biya kuɗin mashin. Ya zo ranar Litinin. Ya ce ciwon kaji ne irin na hunturu, wanda rigakafi ke tarewa, ya ɗiga wa sauran magani a ido, har da na maƙwabta. Ba wani abin tashin hankali ba ne, alhamdu lillahi. Amma mun sani, kuma sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan sake tambaya.